Tallafin tafiya ƙasashen waje ga malaman makarantun gwamnati a Amurka

A kowace shekara idan aka rufe makarantu domin dogon hutun da ake yi daga watan Yuni zuwa Agusta a Amurka, ɗaruruwan malaman firamare da sakandare kan kama hanyar ƙasashen waje domin ƙaro ilimi, bisa tallafin gwamnati ko na wasu gidauniyoyi.

Wasu kan yi makonni biyu ko uku suna ziyartar makarantu, wasu kuma kan shafe watanni suna bincike a kan yadda ake koyarwa a ƙasar da suka sauka.

Hujjar masu ba da tallafin ita ce malami guda yakan koyar da ɗaruruwan yara, wani ma dubbai, kafin ya yi ritaya. Saboda haka abin da ya gano da idonsa ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba.

Asalin shirin

Tushen yawancin shirye-shiryen gwamnatin Amurka a wannan fanni shi ne wani ƙuduri da Sanata J. William Fulbright na jihar Arkansas ya gabatar wa majalisar dattawa a shekarar 1945, jim kaɗan bayan kammala Yaƙin Duniya na Biyu.

A lokacin, Amurka na da tarin kayan yaƙi da suka rage a ƙasashe daban-daban, waɗanda kuma ba su da dalolin da za su saya. Sanatan ya ba da shawarar a sayar musu da kayan da kuɗin ƙasashensu, a yi amfani da kuɗin wajen musayar ɗalibai da malamai.

Shi kansa Fulbright ya yi karatu a jami'ar Oxford ta Ingila a shekarun 1920 bisa tallafin Rhodes.

Shugaba Harry Truman ya sanya hannu a kan dokar ranar 1 ga watan Agustan 1946. A shekarar 1961 kuma, zamanin Shugaba John Kennedy, aka faɗaɗa ta da wata dokar da ake kira Fulbright-Hays.

Fiye da shekara sittin ana gudanar da musaya ta kai tsaye, inda malamin Amurka da takwaransa na wata ƙasa, musamman Birtaniya, kan yi musayar azuzuwa na tsawon zango ko shekara guda, wani lokaci har da gidajen zama, kowa kuma makarantarsa ta ci gaba da biyansa albashi. Daga bisani an daina wannan tsari, aka mai da hankali ga wasu sababbi.

Shirye-shiryen gwamnati

Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ke ɗaukar nauyin shirye-shiryen Fulbright na malaman makaranta, yayin da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke birnin Washington mai suna IREX ta daɗe tana gudanar da su a madadinta.

Ɗaya daga cikinsu, Teachers for Global Classrooms, yakan ɗauki shekara guda. Malami zai fara da kwas ta intanet, ya halarci taro a Washington, sa'an nan ya tafi wata ƙasa na makonni biyu zuwa uku. Maroko da Senegal da Ghana da Indonesiya na cikin ƙasashen da suka karɓi baƙuncin irin waɗannan malamai.

Akwai kuma Distinguished Awards in Teaching, wanda aka fara a shekarar 2009, inda ƙwararren malami kan yi watanni uku zuwa shida yana bincike a kan wani batu da shi ya zaɓa, tare da wata jami'a a ƙasar da ya je.

Wasu ƙasashen ma sun zuba nasu kuɗin. Daga shekarar 1997 zuwa 2008 gwamnatin Japan ta ɗauki nauyin dubban malaman Amurka, waɗanda suka riƙa kai ziyarar makonni uku a makarantun ƙasar.

A nahiyar Turai kuwa, shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda aka ƙaddamar a 2014, yana biya wa malamai kuɗin zuwa wata ƙasa domin halartar kwas ko zama a ajin wani malami su ga yadda yake aiki.

Gidauniyoyi masu zaman kansu

Fitacciya a wannan ɓangare ita ce Fund for Teachers da ke birnin Houston na jihar Texas, wadda attajirin man fetur Raymond Plank, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apache, ya assasa a shekarar 2001.

Abin da ya bambanta ta da shirye-shiryen gwamnati shi ne malamin ne da kansa yake tsara tafiyar. Zai bayyana giɓin da ya gani a iliminsa ko a na ɗalibansa, ya faɗi inda yake son zuwa da dalili, ya lissafa abin da zai kashe, ya kuma nuna yadda ajinsa zai amfana idan ya dawo.

Gidauniyar ta saba bayar da abin da ya kai dala 5,000 ga mutum guda, ko dala 10,000 ga rukunin malamai. Daga cikin sharuɗɗanta, dole mai nema ya kasance ya koyar na aƙalla shekara uku, yana kuma da niyyar komawa aji bayan tafiyar.

Dubban malamai ne suka ci gajiyarta, inda suka ziyarci ƙasashe fiye da ɗari.

Me ya sa ake ganin muhimmancinsa?

Babban dalili shi ne yadda azuzuwan Amurka suka sauya. Kimanin ɗalibi ɗaya cikin goma a makarantun gwamnatin ƙasar na cikin waɗanda ake koya wa Turanci saboda wani harshe suke yi a gida. Bayan Sifaniyanci, Larabci ne ke biye a cikin waɗannan harsuna.

Malamin da ke koyarwa a birnin Minneapolis, inda Somaliyawa suke da yawa, ko a Dearborn ta jihar Michigan mai ɗimbin Larabawa, yana hulɗa kullum da iyayen da al'adarsu da addininsu suka bambanta da nasa. Wanda ya taɓa zama baƙo a ƙasar da ba ya jin harshenta ya fi saurin gane halin da sabon ɗalibi yake ciki.

Sai dai zaɓen malami ba shi ne ƙarshen magana ba. Idan tafiyar ta faɗo cikin zangon karatu, sai hukumar ilimi ta gundumarsa ta ba shi izini, ta kuma samo wanda zai riƙe masa aji. Wannan ya fi yi wa makarantun da ke fama da ƙarancin malamai wuya.

Malaman Afirka

Tafiyar ba ta fuska ɗaya ba ce. A ƙarƙashin shirin Fulbright TEA, malaman sakandare daga ƙasashe da dama, ciki har da Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, sun je Amurka domin horon makonni shida a wata jami'a, tare da koyarwa ta gwaji a makarantun da ke kusa da ita. Ofisoshin jakadancin Amurka ne ke tantance masu nema, bayan jarrabawar Turanci.

Ƙalubalen baya-bayan nan

Shekarar 2025 ta zo wa shirye-shiryen da ke dogaro da kuɗin gwamnati da girgiza.

A watan Fabrairu gwamnatin Shugaba Donald Trump ta dakatar da biyan kuɗin shirye-shiryen musaya na wani lokaci. Bayan haka ma'aikatar ilimi ta soke karɓar takardun neman wasu daga cikin tallafin Fulbright-Hays na shekarar, ciki har da na tafiyar rukuni.

A watan Yuni kuma, 11 daga cikin mambobi 12 na hukumar da ke sa ido a kan shirin Fulbright suka yi murabus, suna zargin gwamnati da tsoma siyasa cikin zaɓen waɗanda za a bai wa tallafi.

A wannan wata ne dai Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga cikinta, ciki har da Chadi da Sudan. A watan Disamba ta ƙara da Nijar, ta kuma taƙaita ba 'yan Nijeriya wasu nau'o'in biza, har da irin wadda mahalarta shirye-shiryen musaya ke amfani da ita.

Gidauniyoyi masu zaman kansu ba su dogara da kasafin kuɗin gwamnati ba, amma yawancinsu malaman Amurka kaɗai suke tallafa wa. Hanyar da ke kai malaman wasu ƙasashe zuwa azuzuwan Amurka kuwa tana hannun gwamnatin ƙasar, ta fuskar kuɗi da kuma ta fuskar biza.