Gidajen Sinimar Kano: Yadda Aka Kafa Su, da Yadda Aka Bar Su

Mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum da ya tashi a zamanin En'e, majigi ya fara sani. Motar gwamnati ce ke zuwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, a nuna noman auduga da tsabtar rijiya, kashegari a naɗe kaya a yi gaba. Kyauta ne, kuma da yawun sarki. Sinima kuwa gini ce mai katanga da mai yankan tikiti, kuma duk mai neman tarihin kafuwarta a ƙasar Hausa sai ya biyo ta Kano.

A 1937 aka buɗe Rex a Sabon Gari, da jarin Kwarori 'yan Labanan. Fili ne a kewaye, ba rufi, don haka sai duhu ya yi ake kunna fim, da damina kuma hadari ke da ta cewa. Wurin da aka zaɓa ya yi mata tambarin da bai taɓa gogewa ba: bayan ganuwa, unguwar baƙi, kusa da gidajen giya. Ɗan cikin birni in zai je, ba ya sallamar mahaifinsa. Mace kuwa in an gan ta a layin tikiti, an gama yanke mata hukunci.

Sai ga ranar 13 ga Mayu 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya ana cikin kallo, mutum 331 suka rasu. Gari ya ɗauka cewa fushin Allah ne ya sauka a kan masu kallon hoto, har wasu na ja da baya wajen yi wa mamatan sutura. Ana cikin wannan zafin ne aka buɗe Palace a cikin birni, daura da Kasuwar Kurmi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Malamai suka yi ca, samari suka riƙa jifan masu shiga, sai da 'yan doka suka sa baki.

Duk da haka harkar ta bunƙasa. Aka sami Plaza da Wapa a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, Queen's a Birged, ga El Dorado, daga baya Marhaba. Finafinan kaboyi suka fara jan jama'a, amma na Indiya ne suka kama zuciya: auren dole, kunyar iyaye, talaka da mai kuɗi, duk Bahaushe ya gane abinsa ko bai ji yaren ba. Dokar 1972 da ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa ta haɗa da sinima, mallakar gidajen ta fara komawa hannun 'yan Najeriya.

Bidiyo ne ya fara kwashe musu 'yan kallo. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya shiga ɗakunan mata a kaset, ba sai an fita ba. Da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999 aka rufe gidajen sinima a Gusau. Kano ma ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, kafin ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001.

To ina gine-ginen? Palace an mayar da ita asibiti. Wapa yau da canjin kuɗi kowa ya san ta. Wasu sun zama shaguna, domin filin da ke tsakiyar kasuwa ya fi kujerun kallo kawo riba. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, tana da jerin wuraren da doka ta hana taɓawa, ciki har da ganuwar Kano da Gidan Makama da hasumiyar Gobarau ta Katsina. Babu sinimar Kano ko ɗaya a ciki. Ni a ganina ba ƙarancin shekaru ne ya hana ba, kunya ce. Dattijan da suka ci ƙuruciya a Plaza su ne manyan gari daga baya, amma wa zai miƙe a taro ya ce a kare gidan da ya riƙa zuwa a sace? Ko a 2016, da Gwamnatin Tarayya ta so gina alƙaryar fim a Kofa ta Bebeji, huɗubobin Juma'a ne suka sa aka janye.

Abin da bai gagara ba shi ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, da ke Gidan Ɗan Hausa, ta auna katangun da suka rage, ta ɗauki hotunansu, ta kuma naɗi hirar tsofaffin masu kunna inji da masu yankan tikiti tun suna iya ba da labari.