Harajin Hayaƙi: Ma'anarsa, Tarihinsa da Matsayinsa a Shari'a

Harajin hayaƙi kuɗi ne da gwamnati ke ɗorawa a kan iskar kabon da ke fita idan an ƙona fetur, dizal, gas ko gawayin ƙasa. Wannan iska tana taruwa a sararin sama tana riƙe zafin rana, kuma masana sun haɗu a kan cewa ita ce babban dalilin ɗumamar yanayi. Ana auna harajin da tan. Lita ɗaya ta fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar, don haka harajin dala 50 a kan kowane tan yana ƙara wajen santi 12 a kan kuɗin lita. Galibi daga matatar mai ko kamfanin da ke shigo da shi ake karɓa, amma ƙarin yakan sauko har kan mai saye.

Asalin ra'ayin

Masanin tattalin arziki na Ingila, Arthur Pigou, shi ya shimfiɗa tushen ra'ayin a 1920. Ya lura cewa mai masana'anta yana cin riba, amma maƙwabta ne ke shaƙar hayaƙinsa ba tare da ya biya su komai ba. Maganin da ya kawo shi ne a sa masa harajin da ya yi daidai da ɓarnar, domin ya rage ta da kansa.

Finlan ce ta fara karɓar wannan haraji a 1990, Suwidin da Norwe suka biyo baya a 1991. Na Suwidin yana cikin mafi tsada a duniya, ya haura dala 100 a kan tan, kuma hayaƙin ƙasar ya ragu alhali tattalin arzikinta yana ci gaba da bunƙasa. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ta fara nata a watan Yunin 2019 da rand 120 a kan tan.

Inda aka yi saɓani

Magoya baya sun ce idan abu ya yi tsada mutane sukan taƙaita shi, kamfanoni kuma su nemi wutar hasken rana da ta iska. Masu adawa sun ce talaka ne ke shan wuya, domin kaso mai yawa na abin da yake samu a kan mai da sufuri yake ƙarewa.

Faransa ta fara da yuro 7 a kan tan a 2014, ta kai shi yuro 44.6 a 2018. A watan Nuwambar shekarar zanga-zangar masu rigunan ɗorawa ta ɓarke, mafi yawansu mazauna ƙauyuka da gefen birane da ba su da makawa sai mota, dole gwamnati ta janye ƙarin da ta shirya. Ostireliya ta kafa nata a 2012 ta soke shi a 2014. Kanada ta fara na tarayya a 2019 tana mayar wa magidanta yawancin kuɗin, duk da haka a 2025 ta ɗauke shi daga kan masu sayen mai. Gana ma ta fara karɓar harajin hayaƙin ababen hawa a 2024, sabuwar gwamnati ta soke shi a 2025.

Akwai kuma saɓani tsakanin ƙasashe. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma tana cikin waɗanda fari da ambaliya suka fi cutarwa. Ba mu manta da damunar 2024 a Nijar da Chadi ba, wadda har tsohon masallacin Damagaram ta rusa. Shi ya sa shugabannin Afirka, a taron Nairobi na Satumbar 2023, suka nemi a kafa haraji na duniya a kan cinikin mai da jiragen sama da na ruwa. A ɗaya ɓangaren, Tarayyar Turai ta tsara kuɗin hayaƙi a kan kayan da ake shigar mata, irin su siminti, ƙarfe, alminiyom da takin zamani, abin da ƙasashe masu tasowa ke kallo a matsayin shinge ga cinikinsu.

Mahangar Shari'a

Asali biyu ne suka haɗu a wannan mas'ala. Na farko, Alƙur'ani ya hana ɓarna a bayan ƙasa, kuma aya ta 41 ta Suratur Rum ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da teku ga aikin hannun mutane. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'idar cewa ana gusar da cuta, kuma wanda ya lalata abin wani shi ke ranko. A kan irin wannan fahimta aka fitar da sanarwar Musulunci game da sauyin yanayi a Istanbul a 2015.

Na biyu, dukiyar mutum tana da alfarma. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani a kan makasu, wato harajin zalunci, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Sai dai Imamul Gazali da Imamush Shaɗibi sun halatta wa shugaba ya ɗora wa mawadata wani abu bayan zakka idan baitulmali ya gaza kuma buƙatar jama'a ta tabbata.

Abin da muke fahimta daga haɗa waɗannan shi ne, hukuncin yana bin wanda ya biya da kuma inda kuɗin suka tafi. Muna ganin sharuɗɗa huɗu. Cutar ta zama tabbatacciya bisa shaidar masana. Nauyin ya hau kan mai yawan hayaƙi, kamar kamfanin da ke ƙona gas a rijiyar mai, kafin a taɓa ɗan kabu-kabu. A bayyana wa jama'a abin da aka tara, a kashe shi a kan magudanan ruwa, dashen itatuwa da tallafa wa manoma. Sannan a duba kada magani ya haifi cuta mafi girma: a yankin Sahel, idan gas ɗin girki ya yi tsada, magidanta itace da gawayi za su koma, daji ya ƙara ƙarewa, hamada ta ƙara matsowa.

Don haka idan aka kawo shawarar irin wannan haraji a ƙasashenmu, ya kamata limamai da ɗalibai su tambayi hukuma wa zai biya, nawa za a tara, kuma wa zai bincika yadda aka kashe. Allah ne Mafi sani.