Abin da Ake Kira Gado a Gidan Makaɗa

Hausawa sun daɗe da raba makaɗa gida biyu: ɗan gado da ɗan haye, wanda wasu ke ce wa shigege. Ɗan gado ya tashi ya tarar da ganga rataye a zauren gidansu, ɗan haye kuwa daga baya ya faɗo cikin sana'ar da ba ta iyayensa ba. Idan makaɗi ya bugi ƙirji ya ce shi gada ya yi, ba haye ba, yawancin masu saurare sukan ɗauka maganar jini yake yi, wato akwai wani abu da ke bin tsatso yana sauka a yatsun jika kamar yadda hasken fata ko tsawo ke sauka. Wannan fahimtar tana da daɗin faɗi, amma tarihin sana'ar bai goyi bayanta ba. Abin da aka riƙa kira gado a gidajen makaɗa wahala ce ta shekaru da iyaye suka ɗauka a kan yaro: kayan kiɗan da suka saka masa a hannu, lokacin da suka ba shi, ɓarnar da suka jure, da ƙofofin da suka buɗe masa. Jini bai taɓa ɗaure kalangu ba.

Kafin a gane haka sai an tuna matsayin kiɗa a tsohuwar ƙasar Hausa. Ba abin shaƙatawa ba ne da mutum ke koya don cike lokacin hutu. Aiki ne mai ubangida. Tarihin Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, kuma tun daga wancan zamani akwai kayan kiɗa da bushe-bushe da ba a taɓa su sai don sarki: tambari da kakaki da farai, sannan kotso da taushi da jauje na mawaƙan fada. Masu riƙe da su suna da sarautu nasu, irin su Sarkin Tambari da Sarkin Kakaki da Magajin Banga da Sarkin Makaɗa. A wajen fada ma kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma a ranar gayya, komo na maharba, garaya da goge kuma sun yi suna a wajen 'yan bori. Saboda haka ganga a gidan makaɗi daidai take da uwar maƙera a gidan maƙeri ko aska a zabirar wanzami. Uban da ya zaunar da ɗansa ya koya masa kiɗa abincinsa na gobe yake haɗa masa, kuma da irin wannan idon yake kallon koyarwar.

Yadda koyon ke tafiya shi ne babbar shaida. Yaron gidan makaɗa ba a zaunar da shi a ce yau za a fara darasi. Tun yana goye yake jin ana gwada sauti, yana rarrafe yana cin karo da gula. Da ya fara dukan gwangwani ko ƙwaryar uwarsa, maimakon tsawar da yaron wani gida zai sha, sai uba ya ɗaure masa 'yar ƙaramar ganga daidai hannunsa. Daga nan a ba shi kuntuku ko kanzagi, ƙananan gangunan da aikinsu riƙe bugu ɗaya ne ba canji, daga farkon wasa har ƙarshensa. Wanda bai sani ba zai raina wannan matsayi, alhali a nan ake gina makaɗi, domin yaron da ya shekara uku yana riƙe bugu ɗaya a bayan manya, yana jin yadda suke fita su dawo a kansa, ya sami awon lokaci a jikinsa wanda babu bayanin da zai ba shi. Shi ne mai ɗaukar kaya idan za a tafi biki ko kasuwa, shi ne mai shanya ganguna a hantsi don fata ta ɗame, shi ne mai miƙo tsarkiya idan ana ɗauri. Yana kallon yadda ake zaɓen ice, yadda ake jeme fatar akuya, yadda ake shafa nake a fuskar kotso har sautin ya zauna. Idan gidan masu goge ne, ya san izgar dokin da ta dace da wadda za ta tsinke, ya san ƙaron da ake goga mata. Kuma duk wannan da asara yake tafiya. Yaro zai fasa fata ana gobe biki, zai ɓata bugu a gaban jama'a har ubangida ya ɗaure fuska, uban ne zai sake ɗauri cikin dare, shi ne kuma zai shanye kunyar. A ƙarshen wasa ya ciri wani abu daga abin da aka samu ya ba yaron, don ya san cewa hannunsa ya fara kawo abinci. Kalangu kuwa sai an ƙara da kunne, tunda magana yake yi: matsa tsarkiya a hammata da sakinta ke ɗaga sauti ko sauke shi ya bi karin harshen Hausa, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Ba a koyon wannan a wata shida.

Akwai kuma kashi na biyu na gadon, wanda ido ba ya gani, kuma a fada ya fi na farko tsada. Makaɗin sarki dole ya san asalin gidan da yake yi wa waƙa: wa ya haifi wa, wane ne ya ci wane gari da yaƙi, wane kirari ne na wannan sarauta, wane ɗan sarki ne abokin hamayya da za a yi wa zambo, wane ne kuma ba a taɓawa. Ba a rubuce wannan ilimi yake ba. A bakin uba yake, sai ɗan da ya yi shekaru yana amshi a bayansa ya kwashe. Haka ma ubangida: uba ne ke kai ɗansa gaban basarake ya gabatar da shi, amanar da gidan sarauta ya ba uban ita ce ke sauka a kan ɗan. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya tashi, sannan ya yi shekaru a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna a Maradun kafin ya ja tasa ƙungiyar har waƙoƙinsa na Sardauna Ahmadu Bello su zagaye Arewa, kuma 'ya'yansa sun yi masa amshi yadda ya yi wa na gabansa. Sa'idu Faru ɗan makaɗin kotso ne. Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri sunan mahaifinsa ma yake ɗauke da shi. Labarin Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya fi ban sha'awa, domin mahaifinsa ɗan kokawa ne, kotson kuwa ta wajen dangin uwa ya zo masa. A al'ummar da ke lissafa asali ta wajen uba, da jini ne ma'auni da Narambaɗa a fagen kokawa ya ƙare. Abin da ya raba gardama shi ne wane kayan aiki ne ya iso hannunsa, kuma wa ya bar shi ya riƙe.

Mai musu zai kawo Mamman Shata, kuma ya kamata ya kawo shi, don babu hujjar da ta fi ta ƙarfi. An haife shi a Musawa a 1923, gidansu ba na makaɗa ba ne, mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ya shiga waƙa ba ko kaɗan, yana ganin ta roƙo ce da zubar da mutuncin gida. Duk da haka Shata ya zama wanda ba a yi kamarsa ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ina amfanin goyon bayan iyaye, in ji mai musun, idan wanda aka hana ya wuce waɗanda aka koya wa? Amsar tana cikin kallon dandalin Shata da kyau. Shata mawaƙi ne. Murya da fasahar magana ya kawo, kalangan da ke ɗauke da waƙar kuwa a hammatar wasu mutane suke, makaɗan da suka ƙware a bugu tun kafin su tsaya a bayansa. Hazaƙar harshe tana iya tsirowa a kowane gida, tunda kowa da harshe aka haife shi kuma kowace kasuwa makarantarsa ce. Hannu ne ke buƙatar kayan aiki da shekaru. Sannan a lura da inda Shata ya fara samun gindin zama: dandalin samari, kasuwa, 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikatan da jirgin ƙasa da mota da rediyo suka haifar. Sabuwar kasuwa ce da ba ta tambayar wane ne ubanka. Shigege ya yi ƙarfi a inda ba a buƙatar ilimin asalin sarakuna, kujerun Sarkin Tambari da Sarkin Kakaki kuwa suka ci gaba da zama a gidajen da suka saba.

Ɗan Maraya Jos ya zo da gwaji ta ɗaya gefen. Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ɗan makaɗin sarki ne, amma iyayensa sun rasu yana jariri, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Ga jini, babu uban da zai koyar. Me ya faru? Bai ɗauki kayan kiɗan fada ba. Kuntigi ya ɗauka, ɗan ƙaramin molo mai tsarkiya ɗaya da ake yi da gwangwani, wanda mutum ɗaya ke kaɗawa yana waƙa ba 'yan amshi ba ƙungiya, ya kuma yi suna da waƙar karen mota da sauran talakawan birni. Abin da mutuwar uba ta yanke masa shi ne ainihin abin da ake kira gado, abin da ya rage masa kuwa baiwa ce da riƙon mutumin da bai hana shi ba.

Musu na biyu ya fi ɗaci. Za a ce kiran wannan tsari goyon baya ado ne kawai, gaskiyarsa tilas ce. Yaron gidan makaɗa ba a tambaye shi ba, kuma sana'ar da aka ɗora masa tana ƙasan tsani. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya nuna cewa a jerin darajar sana'o'in Hausawa makaɗa da maroƙa suna can ƙasa tare da mahauta, kuma kowa ya san gidajen da ba sa ba makaɗi aure. Malaman jihadin 1804 ma sun yi rubutu suna taƙaita kiɗa, suna barin ganga don yaƙi da sanarwa, suna sukar kiɗan wasa da na bori, wannan ra'ayi kuma bai gushe ba. Duk wannan gaskiya ne, babu amfanin shafa masa mai. Sai dai tilas ɗin ba ta makaɗa kaɗai ba ce, ɗan maƙeri da ɗan majemi ma ba a tambaye su ba. Kuma ba kowane ɗa ne ke gadar ganga ba. Uba yana da 'ya'ya da yawa, yana lura da wanda kunnensa ya faɗa, sauran su kama noma ko fatauci, domin ƙungiyar da aka cika da marasa hannu ubangida zai sallame ta. Raini daga waje ma ƙara wa gidan nauyi ya yi. Tunda babu makarantar da za ta karɓi yaron, babu malamin da zai yaba masa, babu maƙwabcin da zai ce ya yi abin kirki, duk ƙarfin gwiwar da ya samu daga cikin gida ya fito. Inda al'umma ke girmama kiɗa, iyaye ɗaya ne daga cikin masu tallafa wa mai koyo. A ƙasar Hausa su kaɗai ne.

Shi ya sa da iyaye suka fara janye hannu, babu wanda ya tare gurbin. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba su da baitulmali, kyautar doki da riga da hatsin shekara da ke riƙe gidan makaɗin fada ta ragu. A wannan shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na kowa da kowa, safiyar yaro ta koma aji. Daga shekarun 1990 fiyano ya mamaye situdiyoyin Kano tare da finafinan Hausa, yaro ɗaya da na'ura ya riƙa fitar da sauti mai kama da kalangu da algaita ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, masu biki kuma suka gane hayar lasifika ta fi ciyar da makaɗa goma sauƙi. Makaɗin da ya dubi wannan ya tura ɗansa koyon kanikanci bai ci amanar kakanninsa ba, lissafin da ubansa ya yi ne shi ma ya yi, amsar ce ta canza. Amma abin da ke biyo baya an riga an gan shi a Nijar. Biram, kayan kiɗan Buduma na Tafkin Chadi mai siffar kwalekwale, ya kai matsayin da tsoho ɗaya, Bukar Tar, ya rage cikin gwanayensa. Sai da UNESCO ta ba Malam Maman Barka tallafi a 2002, shi da yake babban mutum kuma gwanin gurmi, ya tafi bakin tafkin ya zauna a gaban tsohon yana koyon abin da a da yaro ke tsinta a tsakar gida kafin ya yi kaciya.