Sababbin 'Yan Mazan-jiya na Amurka da Labarin Yuraniyom ɗin Nijar



Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan mutumin Augie, wanda hankalinsa ke kan fadamar Rima da shinkafarsa, da gardamar masana a Washington? To, amsar tana nan kusa da mu. Shekara da shekaru motocin da ke ɗauke da yuraniyom daga Arlit sun yi ta bi ta Tawa da Dogon Dutsi da Doso da Gaya, su nufi Kwatano, watau sun riƙa ratsa bayan gidan Kabi ne. Wannan ma'adini kuwa yana cikin hujjojin da aka kafa aka ci ƙasar Iraƙi da yaƙi.

Waɗanda ake kira sababbin 'yan mazan-jiya asalinsu marubuta ne, irin su Irving Kristol da Norman Podhoretz, waɗanda suka baro sahun 'yan ra'ayin sauyi tun wajen shekarun 1960. Magadansu sun tsaya a kan cewa Amurka ba ta da tsara a ƙarfin soja, saboda haka wajibi ne ta yi amfani da shi ta tumɓuke gwamnatocin da take ganin barazana ne, ta dasa dimokuraɗiyya a madadinsu, ko da Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta amince ba. A 1997 William Kristol da Robert Kagan suka kafa cibiya don yaɗa wannan ra'ayi, a Janairun 1998 kuma mutanenta suka rubuta wa Shugaba Clinton wasiƙa suna neman a kawar da Saddam Husaini.

Da George W. Bush ya hau mulki a 2001, sai wasu daga cikin masu sa hannu a wasiƙar suka sami manyan muƙamai. Paul Wolfowitz, alal misali, ya zama mataimakin sakataren tsaro. Harin 11 ga Satumba na wannan shekara shi ya buɗe musu kunnen shugaba, har a Satumbar 2002 gwamnati ta bayyana manufar riga abokin gaba kai hari. Abin da ya rage shi ne hujja.

Nan ne Nijar ta shigo. Wasu takardu suka ɓulla a Italiya suna nuna wai Iraƙi ta ƙulla cinikin tan 500 na yuraniyom da Nijar. Tun a Fabrairun 2002 an aiki tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya komo ya ce da wuya hakan ta faru, domin ma'adinan suna hannun kamfanonin da Faransa ke jagoranta. Duk da haka, ranar 28 ga Janairu, 2003, Bush ya gaya wa majalisar ƙasarsa, bisa dogaro da Ingila, cewa Saddam ya nemi yuraniyom a Afirka. Ranar 7 ga Maris Muhammad al-Baradi'i, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, ya tabbatar takardun na jabu ne; ɗaya ma tana ɗauke da sunan ministan da ya bar kujera tun 1989. Ba a cika mako biyu ba aka fara yaƙi, makaman da ake faɗa kuwa ba a same su ba.

Mu ma tsautsayin bai bar mu ba. Rashin yarda da Amurka da yaƙin ya ƙara hurawa yana cikin dalilan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, ba a koma ba sai a Yulin 2004, bayan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Darasin da nake so ɗalibanmu su riƙe shi ne: idan mashawartan mai mulki suka riga suka yanke hukunci, to duk shaidar da ta zo sai a auna ta da mudun bukatarsu. Kuma ƙasar da ba ta da bakin kare sunanta, da sunan nata ake cinikin yaƙin wasu.