Dutse

dūtsḕ *sn., nj.*, *jm.* duwā̀tsū.

1. Sandararren ma'adini mai tauri. *Mis.* Ƙasar Gumel da Gagarawa rairayi ce, dutse sai an kawo daga nesa.

2. ~n niƙa: faffaɗan dutse mai kaushin fuska, wanda mata kan durƙusa gabansa su murje gero ko dawa da ɗan ~. Alamar tsohonsa ita ce kwarmin da shekaru suka ƙwaƙule a tsakiyarsa, tare da tabban sara, domin in ya yi sulɓi lalle ne a sassare shi kafin ya sake cin tsaba. *Mis.* Tun zuwan inji aka jingine ~n niƙan kakarmu.

3. ~n washi: ƙarami ne galibi, mai laushin fuska, ba a sara shi; gefensa kan zaizaye inda bakin ƙarfe ya daɗe yana gogawa. *Mis.* Mahautan kasuwar Maigatari na wasa wuƙa a ~ ran Alhamis.

*Tanbihi:* kuskure ne a wasa wuƙa a (2), don yin hakan kan kashe kaushinsa.

*Dub.* niƙa, niƙau, wasa, washi.