Ƙofar Soyayya: Daga Japan Zuwa Kasuwar Kano

A shekarar 1994 kamfanin Koei na ƙasar Japan, wanda ya yi suna da wasannin kwamfuta na yaƙi da mulki, ya fitar da wasan Angelique. Keiko Erikawa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ta lura cewa maza kawai ake ƙera wa wasanni, sai ta haɗa ayarin mata mai suna Ruby Party. A cikin wasan budurwa ce ke takarar sarauta, kuma tana iya zaɓar masoyi cikin jarumai tara. Daga nan nau'in wasannin da ake kira otome ya samo asali.

Kano ta san wannan ƙofa tun kafin nan, sai dai a takarda. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, littattafan soyayya suka cika kasuwa. Da su 'yan mata da matan aure da dama suka goge a karatun boko, a cikinsu kuma aka tattauna auren dole da zaman kishi. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona irinsu a wata makarantar 'yan mata. Karatun bai mutu ba, waya ya koma.

Yau wayar ta kai har Kaoje, daf da iyakar Benin, wasannin kuma suna biye da ita. Idan marubutanmu mata ba su shiga wannan fage ba, daga bakin baƙi 'ya'yanmu za su koyi ma'anar so.