Waswasi Ciwo Ne Mai Tarihi, Kuma Yana da Magani

Da wuya a rasa unguwar da ba a san wani da daɗewa a wurin alwala ba: ya wanke hannu ya sake wankewa, ya yi kabbara ya yanke, har liman ya yi ruku'u shi bai gama niyya ba. Wata kuma ba ta iya barci sai ta yi ta komawa duba sakatar ƙofa. Binciken likitoci ya nuna mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari kan yi fama da wannan larura ta waswasi a rayuwarsu, kuma da yawa ɓoyewa suke yi don gudun a ce imaninsu ya yi rauni ko sun taɓu. Alhali ɗaukar waswasi a matsayin ciwon da ake nema wa magani daɗaɗɗen abu ne a wurin malaman Musulunci.

Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya keɓe babi guda kan waswasi a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus. Ya bayyana yadda mugun tunani ke maƙale wa mai cikakken hankali ya hana shi sakat, ya kuma ba shi shawarar guje wa kaɗaici da zaman banza. Malaman fiƙihu ma ba su bar batun ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu har gobe, ta umarci wanda shakka ta aura a salla da ya kau da kai daga gare ta, kada ya koma gyara. Ibn Ƙudama, da ya rasu a 1223, ɗan littafi guda ya rubuta kan masu waswasi. Dukkansu sun gane cewa biye wa shakka shi ke ƙara mata ƙarfi.

A kan wannan fahimta maganin zamani ya tsaya. A 1966 Victor Meyer, masanin halayyar ɗan Adam a Landan, ya gwada sa majinyata su tunkari abin da ke tayar musu da hankali, su kuma daure kada su maimaita wanki ko dubawa, har fargabar ta lafa da kanta. Wannan hanya ita ce kan gaba har yanzu, tare da magunguna irin su clomipramine, wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 1989. Wani zai ce waswasi daga Shaiɗan yake, addu'a ta wadatar. Ba wanda ya hana addu'a. Amma wanda ya san hukuncin Risala sarai, ya kuma kasa aiki da shi shekara da shekaru, ba ilimi ya rasa ba. Yana buƙatar ƙwararren da zai horar da shi mataki-mataki, kuma addini da kansa ya kwaɗaitar da neman magani.

Wani kuma zai ce duk wanda aka gani a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware sunansa mahaukaci, har aure ya gagari 'ya'yan gidansu. Tsoron yana da tushe. Gidan mahaukata na Yaba da Turawan mulkin mallaka suka buɗe a 1907 wurin tsarewa ne, kuma dokar mahaukata ta 1958 ta fi damuwa da kulle mutum fiye da warkar da shi. Sai dai tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa majinyaci zai iya zama cikin ƙauye tare da ɗan'uwansa yana karɓar magani. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar, ta kuma kare haƙƙin majinyata. Mai waswasi galibi ba ya ma buƙatar kwanciya. Ganin likita yake yi ya koma gida da sana'arsa. Doka ta sauya, saura bakunan mutane. Limamai da malaman zaure su ne farkon waɗanda masu wannan larura ke kai wa kuka, don haka haƙƙi ne a kansu su faɗi hukuncin, sannan su nuna hanyar asibiti ba tare da tsangwama ba.